Tsoron da ke kama ɗan dambe kafin a buga ƙararrawa

Wani ƙanina ne ya turo min tambaya, yace shekararsa ɗaya da 'yan watanni yana tirenin ɗin damben boksin, yanzu an sa masa wasansa na farko nan da sati biyu, kuma tun ranar da koci ya faɗa masa barci ya ƙaurace masa, cikinsa sai murɗawa yake, abinci baya shiga, har ya fara tunanin ko shi dai ba a halicce shi don dambe ba. Yana so ya sani, manyan 'yan dambe su ma suna jin haka ne ko shi kaɗai ne matsoraci, sannan me zai yi.

Toh ƙanina, ni na yi damben nan da hannuna kafin na koma koyar da yara, kuma na taso ina zuwa kallon damben gargajiya tun ina riƙe wa yayyena takalma, wallahi ban taɓa ganin ɗan damben da ya san abin da yake yi ba wanda gabansa baya faɗuwa kafin wasa. Waɗanda na gani basa jin komai iri biyu ne, ko wanda bai taɓa shan naushi na gaske ba, ko wanda ya sha wani abu. Na biyun zan dawo kansa don shi ne ya fi damuna.

Ka san Muhammad Ali ai. Ranar 25 ga Fabrairu 1964 a Miami Beach, lokacin yana ɗan shekara 22 ana kiransa Cassius Clay, zai kara da Sonny Liston, mutumin da duk Amurka ke shakka. Da safe wajen awon nauyi ya dinga ihu yana zabura kamar mai aljanu, likitan hukumar dambe ya auna bugun zuciyarsa ya samu 120 a minti ɗaya, shi da bugunsa na yau da kullum bai wuce hamsin da 'yan kai ba, likitan yace yaron nan a tsorace yake. Mutane har yau suna musu ko wasan kwaikwayo ya yi don ya rikita Liston, amma shi da bakinsa daga baya ya amsa cewa Liston ya ba shi tsoro. A daren nan kuwa Liston ne ya zauna kan kujera ya ƙi tashi turmi na bakwai. George Foreman, wannan ƙaton, ya sha faɗa a hira cewa ranar da ya tsaya gaban Joe Frazier a Kingston ta Jamaika cikin Janairun 1973 gwiwoyinsa rawa suke yi, yana ta fatan kada Frazier ya kalli ƙasa ya gani, kuma shi ne ya kai Frazier ƙasa sau shida cikin turmi biyu. Mike Tyson kuwa akwai bidiyonsa na 1982 yana saurayi, kafin wani wasan gasar matasa, ya fita waje yana kuka kocinsa Teddy Atlas na rarrashinsa, ya share hawaye ya shiga ya ci wasan. Bayan shekara huɗu, a Nuwamban 1986, ya buge Trevor Berbick ya zama zakaran duniya na masu nauyi yana da shekara 20.

Tsohon da ya raini Tyson, Cus D'Amato, shi ne ya fi kowa yi wa 'yan dambe bayanin wannan abu. Koyarwarsa ita ce jarumi da matsoraci abu ɗaya suke ji a ciki, abin da kowannensu ya yi da shi ne ya raba su, kuma yakan kwatanta tsoro da wuta, in ka iya da ita ta dafa maka abinci, in ta fi ƙarfinka ta cinye gidan. Na yarda da maganarsa ɗari bisa ɗari, sai dai ita kaɗai bata isa ba, don an sha faɗa wa yara ita su gyaɗa kai, ranar wasa kuma ƙafa ta ƙi ɗaukarsu. Sai ka san me ke faruwa a jikinka tukuna.

Da ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, ko da haɗarin yana nan da sati biyu ne kana kwance kan katifa kana tunaninsa, sai ta aika saƙo a saki wani sinadari da ake kira adiranalin daga wasu 'yan halittu da ke zaune a saman ƙoda. Shi ne yake sa zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya dawo sama sama, hanta ta sako suga cikin jini, jini ya bar hanji da fata ya tafi manyan tsokoki na cinya da kafaɗa. Kaga dalilin murɗawar cikin nan kenan da rashin cin abinci, jiki ya dakatar da aikin narkar da abinci don a ganinsa ba lokacinsa bane. Shi ya sa baki ke bushewa, tafin hannu ya yi sanyi yana gumi, ka dinga zaryar banɗaki fitsari kaɗan kaɗan, wani har amai yake yi, wani kuma hamma ce zata dame shi ka rantse barci yake ji. Duk wannan ba ciwo bane, jikinka ne ke ɗaura ɗamara. Kuma yana da amfani, don shi ne zai sa ka sha naushin da a tirenin zai zaunar da kai amma a cikin wasa ba zaka ji zafinsa ba sai washegari da safe.

Matsalar ita ce man nan yana ƙonewa. In ka kunna inji tun ƙarfe shida na safe alhali wasanka sai tara na dare, kafin ka hau ringi tankin ya yi ƙasa. Ni haka ta faru da ni a wasana na farko. An ce mana mu zo da la'asar, wasanni sun fi goma a gabana, ni kuwa tun da na iso nake tsalle tsalle ina dukan iska, na leƙa na kalli na wasu na dawo, na sake leƙawa, duk wanda aka buge sai naji kamar ni ne. Da aka kira sunana na shiga da ƙarfi kamar zan cinye yaron ɗanye, na watsa naushi ya fi a ƙirga cikin minti ɗaya, rabinsu iska suka samu, kafin a buga ƙararrawar turmin farko hannuwana sun yi nauyi kamar an ɗaura min bulo. Minti uku ne fa kawai, ni da nake turmi shida a tirenin ban gaji ba. Yaron bai fi ni iya dambe ba, ya dai fi ni natsuwa, ya jira na ƙare ya dinga tsinkata ɗaya bayan ɗaya har aka tashi. Ranar na gane cewa yawancin wasan farko a ɗakin jira ake rasa shi.

Yanzu bari na tambaye ka, kuma ka ba kanka amsa tsakaninka da Allah, me kake tsoro takamaimai? Na tabbata ba zafin naushi bane, don shekara guda kana shan sa a tirenin kana dawowa washegari. Abin da ke hana ka barci shi ne a kai ka ƙasa a gaban mutane. Abokanka na unguwa da suka ce zasu zo, wayoyin da za a ɗaga, bidiyon da zai yi yawo a WhatsApp da TikTok kafin ka isa gida, kocin da ya ɓata lokacinsa a kanka, wataƙila da wata da kake so ta ji labari. Kunya ce, ƙanina, kuma ta fi naushi ciwo. Floyd Patterson yana riƙe da kambun duniya ya je wasansa da Liston a Chicago cikin Satumban 1962 da gemun ƙarya a jakarsa, don in ya sha kashi ya ɓad da kama ya sulale ba wanda ya gane shi. Aka buge shi cikin minti biyu da daƙiƙa shida, ya kuwa manna gemun nan ya shiga mota ya bar garin. Wannan mutum ne da ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1952, ba wanda zai ce masa rago, amma idon mutane ya fi masa hannun Liston nauyi.

Mu kuma a wajenmu abin ya fi tsanani saboda yadda aka raine mu, namiji baya cewa yana jin tsoro, in ka faɗa a yi maka dariya a majalisa har shekara. Sai yaro ya haɗiye abinsa shi kaɗai yana ganin kowa a ɗakin jarumi ne shi ne kawai mai ruwan ciki, alhali wanda ke kusurwa can yana ta cika baki ya fi shi jin fitsari. Ka je gidan dambe ko na Ado Bayero Square a Kano ko na Dei-Dei a Abuja ka zauna kusa da inda ake ɗaure hannu, kada ka kalli fili, kalli fuskokin masu jiran a kira su. Zaka ga mai shiru yana kallon ƙasa, zaka ga mai surutu ba ƙaƙƙautawa. Sannan ka lura da abin da kalangu da kirari ke yi musu. Makaɗi ya kira sunan mutum da na ubangidansa da garinsu, ya tuna masa waɗanda ya kashe, wato ya kai ƙasa, a baya, sai kaga jikinsa ya ɗau tsuma ya miƙe yana karkarwa ya ɗaga hannu ya yi kirari. Karkarwar nan ita ce dai wadda ke damunka a kan katifa, sinadarin ɗaya ne, amma shi an canza mata suna an ba ta hanya, ta zama tsuma. Kakanninmu mahauta da suka riƙe damben nan tun ana yinsa a kaka bayan an kai amfanin gona gida, basu san sunan adiranalin ba amma sun san yadda ake sarrafa shi. Wani abu ma da ɗan damben gargajiya ya fi ka sa'a a kai, in ba damben gasa bane da aka haɗa tun da wuri, sau da yawa a filin zai ga abokin karawarsa, Kudu ta fito da nata Arewa ta fito da nata a sa zare, wato a fara damben, nan take. Kai kuwa an ba ka suna da rana tun sati biyu, aka bar ka da tunani.

To abin yi. Cikin satin nan biyu kada ka ƙara wa kanka tirenin don tsoro, wannan kuskuren kowa ne, yaro ya ga wasa ya matso sai ya ninka gudu ya ninka dukan jaka, ya shiga ringi a gajiye. Abin da baka koya ba a shekara ba zaka koya shi a kwana goma ba, satin ƙarshe ma rage nauyin aiki ake yi. Abin da zaka roƙi kocinka shi ne ya haɗa maka gwaji ko sau ɗaya da wani yaro daga wani kulob wanda baka saba da hannunsa ba, a sa alƙali, a buga ƙararrawa, a tara 'yan kallo ko mutum goma ne, ka sa irin kayan da zaka sa ranar. Tsoro yana cin abinci ne daga abin da baka taɓa gani ba, duk abin da ka riga ka ɗanɗana ƙarfinsa ya ragu. Kuma ka daina bin shafin abokin karawarka kana kallon bidiyonsa da tsakar dare, ba wanda ke saka bidiyon ranar da aka dake shi, abin da zaka gani kawai zai mayar maka da shi dodo. Koci ya kalla ya faɗa maka abu biyu, ya isa.

Tunanin wasan kuma tunda ba zai bar ka ba, ka ba shi lokaci. Minti goma a rana, ka zauna ka rufe ido ka bi abin tun daga ɗaure bandeji, tafiya zuwa ringi, hayaniya, alƙali ya kira ku tsakiya, ƙararrawa. Kada ka hango kanka kana cin wasa kawai, ka hango an sakar maka naushi mai kyau a hanci idonka ya kawo ruwa, sannan ka hango me zaka yi, hannu sama, taka gefe, ka mayar da jab, wato miƙaƙƙen naushin hannun gaba. Yaran da basu taɓa hango wannan ba su ne naushin farko ke watsa musu lissafi gaba ɗaya. In minti goman ya cika ka tashi ka kama wani abu.

Daren wasa da wuya ka yi barcin kirki kuma ba komai, kada ka kwanta kana lissafin awa nawa ya rage kana ƙara tayar da hankalinka. Barcin kwana biyu zuwa uku kafin ranar shi zaka kiyaye, rashin barcin dare ɗaya baya hana mai tirenin yin turmi uku. Abinci ka ci wanda cikinka ya sani, awa uku ko huɗu kafin wasa, kada ranar ta zama ranar gwada sabon abu ko shan lemukan ƙarin kuzarin nan gwangwani biyu, zuciyar da ke gudu da kanta ba ta buƙatar bulala. In akwai awon nauyi ka daidaita nauyinka tun yanzu a hankali, yaron da ya kwana biyu ba ruwa don ya sauke kilo uku yana shiga da jiri, ga tsoro ga ƙishirwa.

A ɗakin jira ka tambayi wasa na nawa ne naka, ka samu waje ka zauna ko ka kwanta ka ɗora ƙafa, ka rufe jikinka kada ya huce. Kada ka fita kallon na wasu. Sai saura kamar minti ashirin ko talatin ka tashi ka ɗumama jiki har gumi ya ɗan fito, ka daki hannun koci da ƙarfi 'yan lokuta don numfashinka ya buɗe tun a waje, wanda ya shiga da sanyin jiki shi ake kamawa a farkon wasa. Numfashi kuwa shi ne linzamin da ke hannunka, don bugun zuciya ba zaka ce masa tsaya ya tsaya ba amma yana bin numfashi. Ja ta hanci kana ƙirga huɗu har ciki ya taso, saki ta baki a hankali kana ƙirga shida ko takwas, sakin ya fi jan tsawo, a nan sirrin yake, lokacin fitar da iska ne zuciya ke rage gudu. Yi sau biyar ko shida. Ka fara koyonsa yau, ba ranar ba. Addu'arka kuma ka riƙe ta, ni Hasbunallahu wa ni'imal wakil nake maimaitawa tun daga ɗaki har igiya, tana tattara min hankali waje ɗaya, kuma tana tuna min cewa abin da zai same ni a rubuce yake, nawa shi ne na riƙe hannuna a sama.

Minti na farko kada ka nemi kisa. Aikinka uku ne kacal, hannu a sama, jab, da fitar da numfashi duk naushin da ka saki, don masu tsoro riƙe numfashi suke yi basu sani ba shi ya sa suke ƙarewa da wuri. Idonka zai tsuke ka daina ganin gefe, kunnenka ya toshe, shi ya sa tun kafin ranar zaku yi da koci kalma ɗaya ko biyu da zai dinga kira maka. Abin da kusan duk ɗan dambe zai faɗa maka shi ne da an yi musayar naushin farko abin nan da ya hana ka barci sati biyu sai ka neme shi ka rasa, jiki ya koma abin da ya saba.

Yanzu maganar da nace zan dawo kanta. Za a samu wanda zai matso kusa da kai ya ce ga wata 'yar ƙwaya, ko ka ja wannan sau biyu, zaka ji kamar zaki. Tramadol ne ko wiwi ko wani haɗi. Don Allah don Annabi kada ka karɓa. Eh zata ɗauke maka faɗuwar gaba, amma tare zata ɗauke saurin idonka da lissafin tazara, kuma mafi muni ta ɗauke maka jin cewa an ji maka ciwo, ka tsaya kana shan duka a ka wanda da hankalinka da tuni ka kare ko an tsayar da wasan. Tramadol ɗin ma yana iya jawo farfaɗiya in an sha da yawa, kuma tun farkon 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa. Na ga yaro mai hannu, wanda nake sa ran zai yi nisa, ya fara da rabin ƙwaya ranar wasa kawai, kafin shekara biyu ko gwaji baya iya shiga sai da ita, yanzu in yana magana sai ka kasa kunne sosai kafin ka gane. Har yau in na tuna shi raina ɓaci yake, don tsoron da ya gudu daga gare shi irin naka ne, wanda da ya yi haƙuri wasa uku ko huɗu da ya saba da shi.

Sai dai kuma akwai tsoron da ba a danne shi, saurarensa ake yi. Dambe ba wasan yara bane, Duk Koo Kim ɗan Koriya ta Kudu ya rasu bayan wasansa da Ray Mancini a Nuwamban 1982, abin da ya sa aka fara rage wasannin kambu daga turmi 15 zuwa 12. In a gwajin kwanakin nan an buge ka a ka har yanzu kana ciwon kai, ko jiri, ko amai, ko gani biyu biyu, ko haske na damun idonka, ko ka manta wani yanki na abin da ya faru, wannan ba faɗuwar gaba bace, ka faɗa wa koci ka ga likita kuma ka haƙura da wasan nan, duka na biyu a kan ƙwaƙwalwar da bata warke ba shi ke kisa. Haka in ka gano wanda aka haɗa ka da shi ya yi wasa ashirin kai ko ɗaya baka yi ba, ko ya fi ka nauyi sosai, kana da haƙƙin ka tambaya, kocin kirki ba zai jefa ɗan farko a bakin kura ba. In kuma abin ya wuce na wasa, kana samun bugun zuciya da toshewar numfashi haka kawai ko ba maganar dambe, wata da watanni, to wannan na asibiti ne kuma ana maganinsa.

Daga yadda ka kwatanta naka dai, barci da ciki da abinci tun ranar da aka sa rana, irin wanda muka sani ne. Gobe in ka je tirenin ka ja kocinka gefe bayan an tashi ka faɗa masa kamar yadda ka faɗa min, ka roƙe shi gwajin nan da baƙon hannu cikin satin nan, don sati mai zuwa ya yi kusa da yawa. Abokan unguwa kuma ka zaɓi mutum biyu masu hankali su raka ka, sauran ka faɗa musu ranar wasa na biyu.